Ƙwan Fitila Huɗu a Ɗakin Tsakin Gwaggo Asabe

Zuwa ga Manajan kamfanin wutar sola da ke ba garinmu wuta,
Ofishinku na Gwarzo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka baki ɗaya. Ya aiki, ya damina? Allah ya ba mu albarkarta, amin.

Yallaɓai, sunana Rabi. Ni ce wadda ke riƙe da farin ƙwan fitila tana murmushi a jikin ƙyallen tallanku da aka ɗaura a bakin hanyar shiga garinmu, a mazaɓar Mainika. Bana na gama jami'a, ina gida ina jiran takardar tafiya bautar ƙasa. Na zo ofishinka sau biyu. A zuwa na biyu na bar takarda a hannun mai gadinka, yau kwana tara ba amsa. Shi ya sa na rubuta wannan a fili inda kowa zai gani. Ba zan faɗi komai a ciki ba sai abin da na gani da idona ko nake da shaidarsa a wayata, kuma inda laifin nawa ne zan ce nawa ne.

Ga maganar a taƙaice. 'Yan tsaki ɗari da saba'in da ɗaya sun mutu a ɗakin gwaggona cikin kwana biyu, bayan na cire mata tsofaffin ƙwayayen fitila huɗu na sa naku, bisa umarnin jami'inku. Ranar Juma'ar makon gobe, bayan la'asar, mai unguwa zai zauna da ita da matan da suka ba ta amanar tsakin, a yanke ko sakacinta ne. Sunanta da sana'arta ta shekara goma sha bakwai suna rataye da wannan zama.

Na ɗaya. Tun da ba ka san ta ba, bari in sanar da kai ita.

Gwaggo Asabe yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina aji biyu na firamare. Sana'arta rainon tsaki. A garinmu mace ba ta sayo tsakon kwana ɗaya ta kai shi ɗakinta, don sanyi zai kashe mata shi. Sai mata su haɗu su yi oda daga Kano, mota ta sauke a ƙofar gidan Gwaggo, ta riƙe su mako uku har su yi gashi su yi ƙwari, sannan kowa ta zo da kwandonta ta kwashi nata. Ladan Gwaggo tsako ɗaya cikin goma. Akwai kuma ƙa'idar da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: idan annoba ce ta faɗo, asarar ta masu kaya ce, a yi wa juna jaje a wuce. Idan kuwa sakaci ne, to, na mai raino ne, kuma da wuya wata ta sake kawo mata ko da gurgun tsako. A shekara goma sha bakwai ba a taɓa kai Gwaggo gaban mai unguwa ba. Da waɗannan kaji ta kai ni sakandare, da su ta kai ni jami'a.

Sanda nake yarinya da kaskon gawayi take ɗumama ɗakin, har hayaƙi ya taɓa mata ƙirji. Ina jami'a kuka kawo wuta. Ta yi rajista a rukunin masu sana'a, ta rataya tsofaffin ƙwayaye huɗu masu wat ɗari ɗari, ƙasa-ƙasa, kamu biyu daga ɓuntun shinkafar da ke shimfiɗe a ƙasa. Tari ya ragu, ta ba maƙwabciya kaskon. Ina roƙonka ka buɗe fom ɗin rajistarta. Kwafinsa yana gabana yanzu. A layin da aka tambayi irin sana'a, da rubutun ma'aikacinku, an sa: rainon kaji.

Na biyu. Yadda na shigo aikinku.

Kun fito da shirin canjin ƙwai saboda tsofaffin suna shanye muku batir kafin asuba. Wannan dalili ne mai kyau, ban taɓa musun sa ba. Sai dai ma'aikatanku duk maza ne, gidajenmu kuma ba shiga. Saboda haka jami'inku na fili, wanda ba sai na ambaci sunansa ba, ya nemi mace mai ilimi da za ta riƙa shiga ciki tana cirowa tana sawa. Aka ce ga Rabin Gwaggo Asabe ta dawo da digiri. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Wata huɗu ina zaune ba wanda ya nemi in rubuta masa ko da lambar waya.

Horon da aka ba ni bai kai minti ashirin ba, a tsaye, a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. An koya mini in kashe makunni kafin in taɓa ƙwai. An koya mini in ce sabon mai wat tara yana ba da hasken tsohon mai wat sittin, ba ya mutuwa da wuri, kuma kuɗin wuta zai ragu. An ce kada in bar ko tsoho ɗaya a gida, domin garin da ya fara kammalawa za a yaba masa. Ba wanda ya ambaci zafi, ba wanda ya ambaci kaji. Cikin kwana biyar na shiga gida hamsin da takwas, na fito da ƙwai ɗari biyu da uku. Gidanmu na bari ƙarshe.

Na uku. Ranar Talata, yau kwana goma sha shida.

Gwaggo ba ta gari. Mijin ƙanwarta ya rasu a Dugabau ranar Litinin, ta tafi zaman makoki. Tsakin kuwa ranar Asabar aka sauke su, ɗari biyu da arba'in, arba'in nata, ɗari biyu na mata tara. Da za ta hau babur ta ce mini, "Ruwa da abinci kin san lokacinsu. Ƙwan nan kuwa, Rabi, ko me za ki yi kada ki kashe shi."

Da na shiga ɗakin da kwalin ƙwayayenku, na kai hannu kusa da tsohon, sai na ji ɗumi a bayan hannuna. Na janye hannun. Ni ƙididdiga na karanta, ban karanta lantarki ba, ban karanta kiwo ba. Don haka na fito tsakar gida na tura wa jami'inku saƙo, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da biyu. Ga shi kamar yadda yake a wayata: "Malam, akwai ƙwai huɗu a ɗakin rainon tsaki, suna ba da ɗumi. Sabon zai yi aikinsu ko in bar su?" Bayan minti shida ya amsa: "Duk abin da tsoho yake yi sabo yana yi har ya fi. Ki cire duka, yau za mu rufe lissafin garinku."

Na cire. Ɗaya bayan ɗaya na yi, don kada ɗakin ya yi duhu ko na ɗan lokaci, saboda Gwaggo ta ce kada in kashe. Da yamma ma'aikatanku suka zuba duk ƙwayayen garin cikin duro a ƙofar gidan mai unguwa, suka farfasa su da taɓarya, ana tafi, ana ɗaukar hoto. Namu huɗu suna ciki. Ni na miƙa su da hannuna. Daga wannan lokaci babu tsohon ƙwai ko ɗaya a garinmu, kuma ni na fi kowa sanin haka.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Yallaɓai, ni na tambaya.

Na huɗu. Abin da ya biyo baya, da nawa laifin.

Da la'asar ɗin nan ruwa ya sauko, irin na marka, mai yayyafi ba ɗaukewa. Kafin magariba na leƙa ɗakin na ga tsakin sun bar abinci sun taru a ƙarƙashin kowane ƙwai, wani kan wani, suna ta kuka. Na tsaya ina kallo, har na ce a raina lallai sun ji daɗin sabon hasken. Wannan shi ne laifina na farko, kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba. Duk yarinyar da ta tashi a gidan Gwaggo ya kamata ta san tsako ba ya cunkushewa sai sanyi ya kama shi. Na san haka ina shekara goma. Na tafi makaranta na manta. Laifina na biyu, ban kira Gwaggo ranar ba. Na ga ina da amsa a rubuce daga kamfani, me zan tambayi tsohuwar da ba ta iya karanta kwalin ba?

Laraba da safe na kwashe matattu ashirin da uku. Na kira Gwaggo sau biyu, wayarta a kashe. Na kira jami'inku ƙarfe bakwai da minti biyar, na gaya masa, na sake tambayarsa ko ƙwan ne. Ya yi dariya ya ce haske bai taɓa kashe kaza ba, cuta ce suka zo da ita daga Kano, in nemi magani in zuba musu a ruwa. Na ratsa ruwan sama na sayo maganin na zuba. Ba su sha ba. Suna can a dunƙule ƙarƙashin haske.

Alhamis bayan sallar asuba na buɗe ƙofa, ɗakin shiru. Tsibi huɗu ne, kowanne daidai saitin ƙwansa. Na ƙasan an danne su har sun baje, na saman sun sandare da wuya a miƙe. Ɗari da arba'in da takwas. Sau uku na ƙirga.

Kukana ne ya jawo Iya Talatu, maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa zama a aji ba. Ta shigo, ba ta kalli tsakin ba, ta miƙa hannu ta kama ƙwan yana ci, ta riƙe shi cikin tafinta. Ta ce, "Yarinya, ai wannan ba wuta a cikinsa. Farin wata kika rataya musu." Ita ta koma ta ɗauko tsohon kaskon Gwaggo, ta hura gawayi, muka ceci sittin da tara.

Da hantsi Gwaggo ta dawo, jiƙe, da ƙullin tsaba a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙasa, ta ɗaga kai ta dubi ƙwayayenku. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Haske kam ya yi kyau. Ban taɓa ganin gawa sarai haka ba." Sannan ta ɗaura zane ta ɗauko buhu. Da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na biyar. Zuwana ofishinka.

Ranar Litinin na hau mota zuwa Gwarzo. Na jira daga ƙarfe tara zuwa sha biyu da rabi a kan benci. Da aka shigar da ni, akwai mutum huɗu a ciki: kai, da jami'in, da wasu baƙi biyu masu shan lemo. Na gaisa, na yi bayani. Ka bari sai da na gama, sannan ka juya wajen baƙinka ka ce, "Kun ji fa, mai digiri ce wannan." Ka dawo kaina ka ce, "Malama, a jami'ar taku ba a gaya muku ƙwan zamani ba ya zafi ba? Ai shi ne duk amfaninsa." Suka yi dariya. Ɗayan har ya ƙware.

Gaskiyarka, Yallaɓai, shi ne amfaninsa. Na dawo na bincika, na gane tsohon ƙwai mafi yawan wutar da yake ci zafi yake mayar da ita, kaɗan ce take zama haske, sabon kuwa an yi shi ne don ya daina wannan ɓarnar. Abin da kuke kira ɓarna shi ne bargon tsakin Gwaggo. To amma idan abin a bayyane yake har a yi wa wanda bai sani ba dariya, me ya hana jami'inka faɗa mini da na tambaye shi a rubuce? Na miƙa maka wayata ka karanta saƙon. Jami'in ya ce shi ɗakin kwana ya ɗauka nake nufi. Kalmar tsaki tana cikin saƙon, kalmar ɗumi tana ciki. Ka gan su, don na ga idonka ya tsaya a kansu. Ka ajiye wayar ka ce kamfani haske yake sayarwa, ba kiwo yake koyarwa ba, kuma ni ba ma'aikaciyarku ba ce, 'yar sa kai ce.

Da zan fita ka sa aka ba ni jaka mai tambarin kamfani, ka ce in kai wa tsohuwa ta yi haƙuri. A mota na buɗe. Sababbin ƙwayayen fitila ne guda biyu. Har yau ban gane ba ko ba'a ce ko kuwa ba ka ji abin da na faɗa ba ne, kuma ban san wanne ya fi muni ba.

Washegari na dawo da takarda. Mai gadi ya ce ba ka nan. Motarka tana ƙarƙashin rumfa.

Na shida. Abin da kuka bar mana a gari.

Asabar ɗin da ta wuce kuka zo da lasifika kuka yaba wa garinmu, shi ne na farko da ya kammala canji. Kuka ɗaura ƙyallen nan mai hotona. Daga ƙofar gidanmu ana jiyo tafi. Gwaggo tana cikin ɗakin tsaki tana fifita gawayi.

Yanzu idan na fita, mata ba sa kirana Rabi. Injiniya suke cewa. "Injiniya, a sanyaya mana ruwa mana." Wata a bakin rijiya ta ce da 'yarta ta matsa, kada in canja mata wani abu a jiki. Wannan zan iya ɗauka, na ci rabona. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne abin da ake faɗa a kan Gwaggo. Ana cewa tsufa ya kama ta, ta bar amanar mutane ta tafi cin shinkafar makoki. Ana cewa ai an san ta sayar da rabin tsakin ne ta fake da mutuwa, alhali a gaban Iya Talatu aka binne su a bayan gida. Cikin matan tara akwai wadda ta sayar da tunkiyarta ta sa a wannan oda, tana so ta samu kajin da za ta fitar kafin ƙarshen shekara. Ta zo har tsakar gidanmu ta zauna ta yi kuka, ban ga laifinta ba. Mata shida sun riga sun haɗa odar wata mai zuwa, sun ce a sauke a wani gida.

Gwaggo kuwa ta hana ni magana. Ta ce a gaban mai unguwa za ta ce ita ta bar ɗaki, ita ke da laifi, domin ni yarinya ce mai neman aiki da miji, bai kamata sunana ya ɓaci tun ban fara ba. Na ce mata ai hotona yana bakin hanya. Ta ce hoto ruwa zai wanke shi. Ba ta san na rubuta wannan takarda ba. Idan aka karanta mata za ta yi fushi da ni, na yarda da wannan.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce mutane su koma wa tsohon ƙwai ba. A ɗakin kwana, a kicin, a zaure, sabon ya fi, na gani a mitarmu kuma zan faɗa ko'ina. Abin da na koya, da tsada, shi ne kafin a taɓa ƙwan da ke rataye a gidan mutum a tambayi mai gidan aikin da yake yi masa. Ma'aikatanku ba su taɓa ganin cikin gidajenmu ba, ba su san abin da ke rayuwa a ƙarƙashin fitilunmu ba. Ni aka aika in zama idonsu. Na gani, na kawo rahoto, aka ce in cire.

Ga roƙona, Yallaɓai.

Na farko, kuma shi ne babba: ka zo zaman Juma'ar makon gobe, ko ka aiko jami'in nan, ya tsaya gaban mai unguwa da matan tara ya karanta saƙona da amsarsa da bakinsa. Ba sai ya ƙara komai ba. Layi huɗu ne. Idan zuwa ya yi muku nauyi, ku rubuto a takarda mai hatimin kamfani cewa ku kuka ba da umarnin cire ƙwan ɗakin tsaki, mai ɗakin ba ta nan kuma ba ta sani ba.

Na biyu, ku zauna da matan nan a kan asararsu. Ban yanka muku komai ba, su ke da haƙƙi, su za su faɗa.

Na uku, na ji shirinku zai shiga garuruwan Kabo. A can ma akwai masu raino, a can ma ba shiga, a can ma za ku sami wata mai sabon digiri da ke zaune tana jiran a neme ta. Ku duba fom ɗinku kafin ku aike ta. Ku gaya mata a fili cewa sabon ƙwai ba ya ɗumi. Ku bar wa masu kaji nasu, ko ku samo musu fitilar ɗumi da aka yi don wannan aiki, kuma ku daina fasa tsofaffin a ranar da kuka karɓe su.

Na huɗu, ku sauke ƙyallen nan. Ban ba da izinin hoton ba, kuma ta gabansa Gwaggo take wucewa duk sanda za ta sayo gawayi.

Idan ba ku zo ba, ni zan je. Zan tashi a gaban mutane in karanta saƙon da kaina, ko da Gwaggo za ta daina yi mini magana. Sai dai na san yadda za a ji shi: 'ya ce take wanke uwarta. Daga bakinku ne kawai zai zama shaida.

Ina rubuta wannan ne a bakin ƙofar ɗakin. Sittin da taran nan suna raye, sun fara gashi. Gwaggo tana ciki a tsugune gaban kasko, tarin da ya bar ta shekara biyu ya dawo. Na ce mata bari in cire ƙwayayenku huɗu, ta ce in bar su, na taɓa abin da ya isa. A jikin kwalinsu an rubuta za su yi shekaru suna ci. Wannan kam na gaskata ku. Za su fi sana'arta daɗewa, in har ba ku zo ranar Juma'a ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya albarkaci zuriyarka, ya sa ka gama da aikinka lafiya. Allah ya sa duk ranar da ɗanka ya tsaya gaban wani babba da tambaya a hannunsa, a ba shi amsa ta gaskiya, kada a nuna shi ga baƙi.

Wassalam.

Rabi,
'yar riƙon Gwaggo Asabe mai rainon tsaki,
mazaɓar Mainika, Gwarzo.